Sharhi kan littafin ƙididdiga na OpenStax bayan koyarwa da shi

Littafin da nake sharhi a kansa shi ne na share fagen ilimin ƙididdiga wanda OpenStax ta wallafa, kuma da shi na koyar da ɗaliban shekarar farko a jami'a. OpenStax shiri ne na Jami'ar Rice da ke Houston a Amurka, wanda ya fara fitar da littattafai a 2012, inda masana ke rubutawa, wasu masanan su tace, sannan a saki littafin kyauta a intanet. Irin waɗannan su ne buɗaɗɗun kayan koyarwa, sunan da ya samo asali a wani taron hukumar UNESCO a 2002, shekarar da Cibiyar Fasaha ta Massachusetts ta fara sakin darussanta ga kowa, kuma a 2019 ƙasashen da ke cikin hukumar suka amince da shawarar bunƙasa su.

Amfanin farko a bayyane yake. Tun ranar da aka fara lacca kowane ɗalibi yana riƙe da littafin a wayarsa ko kwamfutarsa, babu mai jiran ya tara kuɗi, babu mai dogaro da kwafin da rubutunsa ya dushe. Sau ɗaya ake sauke fayil ɗin, daga nan a karanta ko babu intanet.

Tsarin littafin ya gamsar da ni. Babi goma sha uku ne, an fara da yadda ake zaɓen samfur, wato ɗan ɓangaren da zai wakilci jama'ar da ake nazari, da tattara bayanai, aka bi ta kan lissafin yiwuwa da gwajin hasashe, har zuwa nazarin alaƙa tsakanin abubuwa biyu, sannan aka rufe da babin kwatanta matsakaitan rukunoni da yawa. Bayan kusan kowane misali da aka warware akwai atisaye mai kama da shi, don ɗalibi ya gwada kansa kafin abin ya huce masa, kuma wannan ya fi taimaka wa masu tsoron lissafi, waɗanda su ne mafi yawa a irin wannan aji. Malamin da aka tantance asusunsa a shafin OpenStax yana kuma samun ƙarin kayan aiki, ciki har da amsoshin atisaye, kuma akwai hanyar da mai karatu zai kai rahoton kuskure idan ya ci karo da shi.

Sai dai a ganina darajar littafin ta fi ƙarfi a wajen lasisinsa. Lasisin Creative Commons da ke kansa ya halatta wa malami ya kwafa, ya gyara, ya haɗa da wasu rubuce-rubuce, ya kuma raba wa wasu, muddin ya ambaci masu asalin aikin ya kuma kiyaye sauran sharuɗɗan da aka rubuta a farkon littafin. Wannan izini yana da muhimmanci domin an tsara littafin ne bisa manhajar kwalejojin Amurka, saboda haka misalansa na dala ne da inci da wasannin can, kuma umarnin lissafinsa ya dogara ga kalkuleta samfurin TI-83 da TI-84. Hakan daidai ne ga waɗanda aka rubuta dominsu, amma ɗalibin da bai san wasan da ake magana a kai ba zai ɓata rabin hankalinsa wajen fahimtar labarin kafin ya kai ga lissafin. Na sauya irin waɗannan misalai da abubuwan da ɗalibaina suka sani, na maye gurbin umarnin kalkuleta da matakan manhajar jadawali ta kwamfuta, na kuma ajiye babi na ƙarshe domin ya wuce abin da kwas ɗinmu ya ƙunsa.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne yadda jinga ta sauya. A da ɗalibi kan rubuta aiki, in ba shi maki, takardar ta ƙare a kwandon shara. A wannan karon na nemi kowane rukuni ya tattara bayanai da kansa, ya gina tambaya a kai, ya warware ta, da sanin cewa mafi inganci za su shiga cikin kwafin da 'yan aji na gaba za su karanta, idan masu aikin sun yarda. Sanin cewa wani zai dogara da amsarsu ya sa suka riƙa bincikar lissafin juna da kulawar da ban saba gani ba, har sukan yi gardama mai ma'ana kan ko samfurin da suka zaɓa ya wakilci jama'ar da suke nufi.

Wajibi ne malami ya san cewa gyaran yana cin lokaci sosai, kuma jami'o'i da yawa ba sa lissafa irin wannan aiki a cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, lamarin da ke sanyaya gwiwar masu niyya. Haka kuma jadawali masu faɗi suna wahalar karantawa a ƙaramar waya, don haka na buga shafukan jadawalin a takarda na raba. Ina ba da shawarar littafin ga duk malamin da ke koyar da ƙididdiga a matakin farko, musamman idan malamai biyu ko uku na sashe ɗaya za su raba babukan littafin a tsakaninsu su gyara kafin zangon karatu ya fara.