Ya Fita Sayo Abinci, Ya Dawo Ya Tarar da Gawarwaki

Daren jiya na zauna na kalli Three Days of the Condor, fim ɗin da Sydney Pollack ya bada umarni a 1975. Na kunna shi ne da niyyar in kalli rabi in kwanta, amma ban tashi ba sai da sunaye suka fara hawa.

Robert Redford ne ya fito a matsayin Joe Turner, ma'aikacin CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, a wani ɓoyayyen ofis a New York. Shi ba ɗan bindiga ba ne, aikinsa karatu: littattafai da jaridu yake bi yana neman abin da aka ɓoye a ciki. Ya fita ta ƙofar baya sayo abincin rana, ya dawo ya tarar an harbe abokan aikinsa kaf. Ya kira hukumarsa neman ceto, ashe kura ya kira ta yi masa gadin akuya. A wurin da aka ce a haɗu, jami'in da aka turo ya buɗe masa wuta, ya kashe abokin Turner, aka kuma ɗora wa Turner laifin.

Abin da ya riƙe ni shi ne rashin ƙarfinsa. Tsoro a fuskarsa yake ƙarara, kuma da ƙwaƙwalwa yake kuɓuta, har da hargitsa layukan tarho don kada a gano inda yake. Max von Sydow kuwa, makashin haya mai magana a sanyaye kamar likita, ya fi kowa ba ni tsoro.

Soyayyar da aka cusa ce ta ɓata mini rai. Turner ya sace mace da bindiga, ya ɗaure ta a gidanta, kafin gari ya waye wai har sun shaƙu? Faye Dunaway, wadda ta fito a matsayin matar, ta yi iya yinta, amma ban saya ba.

Asirin duka man fetur ne na Gabas ta Tsakiya. Ka tuna takunkumin mai na 1973, da murabus ɗin shugaban Amurka Nixon a 1974, da kwamitin Sanata Frank Church da ke tona asirin CIA a shekarar da fim ɗin ya fito. Shi ya sa ƙarshen ya zauna mini: Turner ya kai labarin jaridar New York Times, jami'in hukumar ya tambaye shi ko ya tabbata za su buga, sai ka ga fuskar Turner ta sauya.