Na je ganin likitan ƙwaƙwalwa a nan Katsina, ga yadda muka kwashe

Tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar Batsari barci ya ƙaurace mani. Allah ya tsare ko ƙwarzane ban samu ba, amma babur na wucewa ta bayan gida da dare sai gabana ya yanke ya faɗi in tashi zaune ina zufa har asuba. Rubutu na sha, ruƙiyya an yi mani, Hajiya har hayaƙin habbatussauda ta turara mani, maganin barcin kemis kuma ban da kasala ba abin da ya ƙara mani. Ƙanwar matata mai karatun nas ce ta ce Yaya don Allah ka je ɓangaren ƙwaƙwalwa, na ce ke ni kike cewa mahaukaci? Wata biyu ina jan ƙafa kafin na je.

Gaskiya matar da aka tura ni wajenta Allah ya saka mata da alheri. Na zata minti biyar za a rubuta magani a sallame ni kamar yadda aka saba, sai ga shi mun kusa awa guda, ta rufe ƙofa ta aje waya ta ce Malam ba ni labari tun daga farko. Ni da ko matata ban taɓa faɗa ma abin da na gani a dajin nan ba sai ga ni ina hawaye kamar yaro. Ta ce wannan ba hauka ba ne ba kuma raunin imani ba ne, jiki ne ya tsorata ya ƙi yarda cewa haɗarin ya wuce, kuma in ci gaba da azkar ɗina, su da maganin asibiti ba su hana juna. Ta koya mani jan numfashi a hankali in abin ya taso. Likita ya ba ni ƙwaya ɗaya kullum, ya ce sai ta yi sati 2 zuwa 4 kafin in fara jin canji, kar in yanke ta da kaina don na ji sauƙi. Haka kuwa aka yi, sati na uku na fara kai asuba.

To amma fa abin da aka yi mani wajen kati har yanzu yana ci mani rai. Layi cike da mutane, wani yaro a bayan taga ya ɗaga katina ya kira cikakken sunana da ƙarfi wai "masu ganin likitan mahaukata ku koma can". Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Juyawar da zan yi sai ga maƙwabcinmu ya kawo ɗiyarshi awo. Yanzu kullum a masallaci sai ya riƙe hannuna yana ya jiki, ya jiki, da irin kallon nan. A garin da aka rufe gidajen mari a 2019, nan da Daura, aka ce a riƙa kai mutane asibiti, da wannan tarbar za a jawo su? Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023 ta maye gurbin ta Turawa ta 1958 mai kiran mutane mahaukata, da alama labari bai iso tagar nan ba.

Da na yi niyyar in ce kowa ya garzaya, yanzu da na tuna sai raina ya sake ɓaci. Har na yi tunanin komawa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna inda ba wanda ya san ni, kuɗin mota ya hana, kuma ba na son in sake labarin nan daga farko a gaban wani baƙo. Ranar da matar nan ta asibiti ta sa mani zan koma, amma matata ce za ta karɓo katin ni in jira a cikin Napep.