Makarantar JEM ko jirgin Logos Hope: amsa ga ƙanwarmu mai shirin tafiya

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kin samu BAC bana, zuciyarki na kan aikin bishara a ƙetare, amma kin rasa wanda za ki nema tsakanin makarantar almajiranci ta JEM da jirgin ruwan nan Logos Hope. Wasu sun ce miki duk ɗaya ne, aikin Ubangiji ne. Aikin Ubangiji ne kam, amma ba ɗaya ba ne.

JEM (Jeunesse en Mission) ita ce ƙungiyar bishara da masu Ingilishi ke kira YWAM, wadda Loren Cunningham ya kafa a 1960. Ƙofar shiganta ita ce makarantar almajirancin da muke ce wa EFD, wata biyar zuwa shida: kamar wata uku a aji, saura kuma a fita wa'azi ƙungiya-ƙungiya, sau da yawa zuwa wata ƙasa. Jirgin kuwa na wata ƙungiyar bishara ne mai suna OM (Operation Mobilisation), wadda George Verwer ya fara a 1957. Tsohon jirgin fito ne da aka ƙera a 1973, aka gyara shi ya fara wannan aiki a 2009. Yana ɗauke da 'yan sa kai wajen 400 daga ƙasashe kusan 60, da kantin littattafai iri fiye da 5,000. Akasarin 'yan sa kan shekara ɗaya ko biyu suke yi.

A EFD ke ɗaliba ce. Da asuba kowa ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya nemi gindin itace, bayan karin kumallo a yi sujada ko addu'ar roƙo domin al'ummai, sannan aji. Kowane mako da malaminsa da batunsa: jin muryar Allah, gafara, halin Allah, zama da mutane. Da rana akwai aikin hannu, shara, wanke tukwane, ban ruwan lambu. Za a haɗa ki da wata yaya cikin ma'aikata wadda za ta riƙa zama da ke tana tambayarki abin da ko mamarki ba ta taɓa tambayarki ba. Nan ne mutane ke kuka, ba a wurin wa'azi ba.

A jirgi ke ma'aikaciya ce, kuma wannan ne abin da hotunan Facebook ba sa nunawa. Kwana biyar a mako kina sashen da aka sa ki: kicin, goge-goge, kantin littattafai, ɗakin inji, ko kankare tsatsa da shafa fenti. Kwana ɗaya na fita hidima cikin gari, ɗaya na hutu. Mai tsammanin za ta riƙa tsayawa gaban taro kullum tana iya ƙarewa da feran dankali wata da watanni. Ɗakin kwana ɗan mitsitsi ne, gado kan gado, kuma wadda ke samanki ƙila daga Koriya take ko Barazil, ba ta san tuwon hatsi ba, ba ta san ana gaisuwa ta minti biyar ba. Kafin a fara akwai horon tsaro, har da kashe gobara da faɗawa ruwa da rigar ceto. Mu da gulbinmu sai damina yake kawo ruwa, in ba ki taɓa wuce gwiwa a tafkin Madarunfa ba, ki sa wannan cikin lissafi.

Harshe ma babban bambanci ne. Jirgi da Ingilishi yake tafiya, daga ibada har umarnin kyaftin. Ingilishin lakwal da na 'yan kasuwar Jibiya ba zai ishe ki ba ranar da aka buga ƙararrawar gaggawa. EFD kuwa akwai ta da Faransanci a Togo da Burkina da Kodebuwa, inda sefar aljihunki ita ce dai kuɗinsu.

Inda suka haɗu shi ne kuɗi: babu albashi ko nan ko can, ke ce ma za ki biya. Bambancin, na EFD nauyi ne na lokaci guda, kuɗin makaranta da na fita, ikkilisiya tana iya yin baiko na musamman, dangi su cika. Na jirgi nauyi ne na kowane wata har ki dawo, ga tikitin jirgin sama, ga biza, ga inshora. Mutanenmu suna da hannu, amma hannun yana buɗewa ne bayan kaka in an sayar da wake da gyaɗa. Wanda ya yi miki alkawarin jaka biyar a wata cikin Nuwamba, ki tambayi kanki ko zai iya cikawa a Yuli lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ba rashin bangaskiya ba ne a yi wannan lissafi.

Ni dai in kin bi tawa, fara da EFD. Wata shida sun isa ki san ko kira ne ko sha'awar ganin duniya, kuma in sha'awa ce, kin dawo da arha. Jirgin ba gudu yake ba. Sai dai in Ingilishinki ya zauna, kina da wata sana'a a hannu kamar girki ko lantarki, kuma akwai masu tsaya miki na shekara biyu, to nemi jirgin kai tsaye, ba sai kin zaga ba.

Kowanne kika zaɓa, takardun neman shiga za su buƙaci shaidar fasto, don haka kada ya ji labarin a bakin wasu. Ki je wurin Baba Fasto da dattawa tun yanzu, tare da iyayenki. Ki fara neman fasfo da katin rigakafin shawara. Kafin amsa ta zo, ki roƙi a ba ki ajin yara na ranar Lahadi, ko ki nemi aikin sa kai a asibitin Danja, inda ake kula da masu ciwon kuturta tun 1956. Za a tambaye ki wace hidima kika taɓa riƙewa a gida, kuma "ina cikin mawaƙa" kaɗai amsa ce gajera.