Rijiya, Benci, Malami ko Kwamfuta: Me Ƙungiyar Iyaye da Malamai Za Ta Fara Saya?

Ranar da ma'ajin ƙungiyar iyaye da malamai ya miƙe ya karanta abin da ke cikin asusu, kowa a wurin taron yana da abin da yake so a yi da kuɗin. Shugaban makaranta yana duban ajujuwan da yara ke zaune a ƙasa, malamai suna kukan ƙarancin littattafai, iyaye mata suna tunanin banɗaki, attajirin da ya ba da gudummawa mai tsoka kuma yana son a yi aikin da za a hango daga bakin titi. Kuɗin ba zai ishi duka ba, saboda haka dole a auna, kuma ma'aunin da na fi yarda da shi tambayoyi biyu ne: yara nawa ne za su amfana da abin a kowace rana, kuma wa zai riƙa biyan kuɗin kula da shi bayan an gama bikin buɗewa?

Kafin a je kasuwa, ya kamata a raba kuɗin gida biyu. Akwai wanda ke shigowa sau ɗaya, kamar na gidauniya ko kyautar tsofaffin ɗalibai, akwai kuma wanda ke shigowa kowane zangon karatu. Na farko ya dace da aikin da ake yi a gama, na biyu ne kawai zai iya ɗaukar nauyin da ke dawowa kowane wata. Haka kuma a tuna cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da karatun shekara 9 na farko kyauta kuma dole a Najeriya, ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi. Gina sababbin ajujuwa aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ne, wato SUBEB, don haka ƙungiya ta fara rubuta takarda ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ta kuma bi sawunta, kafin ta zuba gumin iyaye a ginin da zai iya tsayawa a matakin linta.

A ganina ruwa da banɗaki su ne kan gaba a duk makarantar da ba ta da su. Yaron da ya fita neman ruwan sha da ƙarfe goma sha ɗaya a cikin zafin watan Afrilu sau da yawa ba ya dawowa aji, yarinyar da ta fara girma kuwa takan zauna a gida kwanaki a kowane wata idan babu banɗaki mai ƙofa da ruwa a kusa. Zaɓin da ke gaban ƙungiya wajen samar da ruwa uku ne. Famfon tuƙa-tuƙa shi ne mafi sauƙin kuɗi, ba ya buƙatar wuta, kuma ana samun masu gyaransa da kayansa a yawancin garuruwa, sai dai ruwansa kaɗan-kaɗan yake fitowa, kuma makaranta mai ɗalibai dubu za ta gajiyar da shi. Rijiyar burtsatse mai aiki da janareta tana cika tanki da sauri, amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta zama bakin da ƙungiya za ta riƙa ciyarwa kullum, kuma ranar da kuɗin mai ya yanke ruwa ya yanke. Mai aiki da hasken rana ta fi tsada a farko, ta fi kuma sauƙi daga baya, musamman idan aka haɗa injin kai tsaye da farantan sola ba tare da batir ba, ya riƙa tura ruwa cikin tanki da rana. Matsalarta ɓarayi da ƙurar hunturu, saboda haka kuɗin kejin ƙarfe da wanda zai riƙa goge farantan suna cikin farashin.

Akwai abin da ake yawan tsallakewa a nan, wato gwajin ƙasa. A yankuna da dama na Kano, Kaduna da kudancin Katsina dutse ne a ƙarƙashi, ruwa yana taruwa ne a cikin tsagarsa, kuma ana iya haƙa a wani wuri a sami ruwa, a matsa kaɗan a tarar da busasshen rami. Biyan masanin da zai auna wurin kafin a kira injin haƙa ya fi asarar kuɗin haƙar gaba ɗaya. A kuma rubuta a cikin yarjejeniya wa zai ɗauki asara idan ba a sami ruwa ba, kuma a nisanta ramin banɗaki daga rijiyar sosai.

Gyaran rufi yana zuwa na biyu, wani lokaci ma na farko. Iskar farkon damina ba ta barin kwanon da ƙusarsa ta yi sako-sako, kuma ajin da ruwa ya shiga damina guda zai rasa silinsa, allonsa da daɓensa. Sauya wasu kwanuka da katakon da gara ta ci a watan Maris aiki ne ƙarami idan aka kwatanta da sake rufin gaba ɗaya a watan Agusta.

Game da benci da tebur, gardamar da aka saba yi ita ce ta katako zalla da kuma mai ƙafar ƙarfe. Na katako ya fi araha, kafintan unguwa zai iya yinsa ya kuma gyara shi, amma idan ɗanyen katako aka yi amfani da shi zai tsage kafin shekara ta zagayo. Mai ƙafar ƙarfe ya fi daɗewa matuƙar ƙarfen mai kauri ne kuma waldar ta kama. Shawarata ita ce a sa a yi guda ɗaya a matsayin samfuri, a ajiye shi a ajin da ya fi cunkoso na mako biyu, sannan a ba da aikin sauran. Kujerun roba ba su dace da aji ba.

Ɗaukar malamai da kuɗin ƙungiya shi ne zaɓin da ya fi shafar karatu kai tsaye, shi ne kuma ya fi jefa ƙungiyoyi cikin kunya. Makarantar da ba ta da malamin lissafi ko na Turanci tana da rauni wanda ba ginin da zai warkar da shi, kuma a kusan kowane gari akwai matasa masu takardar shaidar malanta ta NCE da ke zaune ba aiki. Amma alawus nauyi ne na kowane wata. Ƙungiyar da ta ɗauki malamai huɗu da kuɗin gidauniya za ta biya su zango ɗaya ko biyu, daga nan sai bashi, sai malamin ya tafi a tsakiyar manhaja, yara su koma inda suka fito. Gara malami ɗaya a darasin da ya fi rauni, da kuɗinsa na shekara a ware tun farko, a biya shi abin da zai riƙe mutuncinsa, musamman yanzu da mafi ƙarancin albashi a ƙasar ya koma naira 70,000 tun 2024. Littattafan karatu ma suna cikin wannan rukuni na abin da ke taɓa darasi: ba su da tsada sosai, sai dai a tabbatar sun dace da manhajar da ake koyarwa, a saya daga wakilin kamfanin ɗab'i don guje wa na jabu, a kuma tanadi kabad mai makulli.

Kwamfuta ita ce ta fi ɗaukar hankalin taro, kuma hujjar masu son ta ba ta banza ba ce, domin tun 2015 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma abin takaici ne ɗalibi ya fara taɓa na'urar a ranar jarrabawa. Ga makarantar sakandare wannan buƙata ce ta gaske. Duk da haka kwamfuta ba ta zuwa ita kaɗai: tana son wuta, ɗaki mai ƙofar ƙarfe, kariya daga ƙura, da malamin da ya iya ta. Idan babu waɗannan, ya fi alheri ƙungiya ta yi yarjejeniya da wata cibiyar kwamfuta a gari, ta biya wa 'yan ajin ƙarshe kuɗin horo na wasu makonni. Ga makarantar firamaren da yara ke zaune a ƙasa kuwa, ban ga dalilin sa ta a gaba ba.

Katanga magana ce mai nauyi tun bayan sace ɗalibai da 'yan bindiga suka yi a Ƙanƙara a watan Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, kuma ba wanda zai zargi uban da ya nace a kanta. Gaskiyar ita ce katangar bulo tana hana dabbobi, masu cin filin makaranta da masu ratsawa da babur, amma ba ta tare 'yan bindiga, kuma zagaye fili mai faɗi zai iya cinye asusun baki ɗaya. Inda kuɗi bai kai ba, ƙofa mai ƙarfi, maigadi da ake biya a kan kari, da shingen itatuwa irin su darbejiya da aka dasa a kan iyaka sun fi rabin katangar da aka bari ba a ƙarasa ba. Motar makaranta da babban bikin ba da kyaututtuka sai su jira.

Ko me aka zaɓa, a nemi farashi a rubuce daga mutum uku, kada ɗan kwamiti ya ba kansa ko ɗan'uwansa kwangila, kuma kuɗin ya zauna a banki da sa hannun aƙalla mutum biyu, ɗaya daga iyaye, ɗaya daga malamai. A riƙa biyan mai aiki kashi-kashi gwargwadon abin da ya kammala, a riƙe wani ɓangare har sai an gwada aikin, a kuma bar kusan kashi 10 cikin ɗari a asusu domin gyara. Bayan haka a manna kwafin rasit a allon sanarwa, ma'aji kuma ya karanta lissafin da Hausa a taron zango mai zuwa, a lokacin da iyaye mata za su iya halarta.