Tsohuwar katifa da mataccen firji a Ingila: wa ya kamata ka biya ya kwashe?

A Kano ko Zariya, idan firji ya mutu, ɗan gwangwan ne zai zo har ƙofar gida ya ɗauka, ya kuma ba ka 'yan kuɗi. A Ingila kai ne kake biya, kuma idan ka biya wanda bai dace ba, tara na iya biyo ka har gida. Kwandon da ƙaramar hukuma ke ba kowane gida don kayan da ake sake sarrafawa na takarda ne da kwali da gwangwani da kwalabe da robobi. Katifa, kushin, firji, batir, fenti, baraguzan gini da ragowar magani duk ba su da gurbi a ciki. To ina za su?

Ka fara da hanyoyin da ba a biyan ko kwabo, domin sun fi yadda mutane suke zato yawa. Duk shagon da ke sayar da batir fiye da kilo 32 a shekara, doka ta tilasta masa ajiye akwatin karɓar tsofaffi. Kada ka jefa batir a shara ko da ƙarami ne; idan injin motar shara ya matse shi yakan kama da wuta, ma'aikata ne kuma a bakin haɗarin. Ledar burodi da ta biskit, manyan rassan kantunan Tesco da Sainsbury's da Co-op suna karɓa. Maganin da ya rage a mayar wa kantin magani. Tun Janairun 2021 manyan shagunan kayan lantarki suna karɓar tsohon abu a shagonsu kyauta idan ka sayi sabo irinsa.

Kayan da ke da sauran amfani kuwa, ƙungiyoyin agaji irin su British Heart Foundation suna zuwa gida su ɗauka kyauta. Sai dai suna duba tambarin kariyar gobara da ke ɗinke a ƙasan kushin da katifa. Idan an yanke shi, ba za su karɓa ba, komai kyawun kujerar. Don haka kada a bari yara su cire shi.

Idan kana da mota, jujin ƙaramar hukuma shi ne zaɓin da na fi yarda da shi. Mazaunin yankin ba ya biya, kuma a wuri ɗaya za ka sauke firji, katako, man girki da aka gama suya da shi, da tsohuwar talabijin. Daga 31 ga Disamba 2023 an daina cajin kuɗi kan baraguzan ƙananan gyare-gyaren gida, matuƙar ba su wuce buhu biyu masu cin lita 50 a zuwa ɗaya ba, kuma zuwa huɗu cikin mako huɗu. Wahalarsa ita ce wurare da yawa sai ka kama lokaci ta intanet, ka zo da shaidar adireshi, wasu kuma ba sa barin mai tafiya a ƙasa ya shiga. Ɗalibin da bai da mota, wannan ƙofa kusan a rufe take gare shi. Fenti ma ba kowane juji ke karɓa ba, sai ka duba shafinsu tukuna.

Wanda bai da mota sai ya nemi ƙaramar hukuma ta aiko a ɗauka. Yawancinsu suna cajin kuɗi gwargwadon yawan kaya, wasu suna yi wa masu ƙaramin ƙarfi rangwame. Za ka jira kwanaki, wani lokaci makonni, kuma kai za ka fito da kayan waje da kanka. Ga katifa ɗaya ko firji ɗaya, ban ga abin da ya kai wannan sauƙi da kwanciyar hankali ba.

Babban akwatin ƙarfen nan da ake haya, wanda ake kira sikif, na mai rushe kicin ne ko mai kwashe gida gaba ɗaya. Kuɗinsa yakan kai ɗaruruwan fam, sai an nemi izini idan a kan titi za a ajiye shi, kuma yawanci ba a yarda a saka firji, taya, fenti ko tukunyar gas a ciki.

Saura mai motar kaya da ke talla a Facebook, kuma a nan ne mutanenmu suka fi shiga matsala. Yana da sauri, yana hawa bene ya sauko da kaya, wasu daga cikinsu kuma mutanen kirki ne masu rajistar ɗaukar shara. Amma wanda ya ce zai kwashe kayan ɗaki guda a kuɗin da bai kai na mai ba, ka tambayi kanka inda zai zubar, tunda 'yan kasuwa biya suke yi a wuraren zubar da shara na halal. Araha ba ta ado. Idan ya jibge kayan a bakin gonar wani aka tsinci ambulan mai sunanka a ciki, dokar Ingila ta ɗora maka alhakin rashin tantance wanda ka ba sharar, kuma tun Yulin 2023 tarar nan take na iya kaiwa fam 600. Ka nemi lambar rajistarsa, ka duba ta a shafin hukumar muhalli ta Environment Agency, kyauta ne. Ka rubuta lambar motarsa, ka karɓi rasit, ka biya ta banki.

Akwai kuma masu cewa a cusa mataccen firji ko talabijin a kwantenar da za ta tafi gida, wai za a gyara. Abin da ba ya aiki shara ne a idon doka, kuma fitar da irin wannan shara daga Ingila zuwa Najeriya haramun ne. Ko da ta isa Legas, yaran da ke ƙona waya don ciro tagulla su ne za su shaƙi hayaƙinta. Firji ko talabijin mai aiki a aika wa 'yan uwa. Wanda ya mutu a kai shi juji a nan, inda ake zuƙe iskar gas ɗin firjin kafin a farfasa shi.