Bakaniken da ya saita min kwamfutar Passat a Sakkwato

Passat ɗina ƙirar 2003 ce, injin 1.8 mai turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska. Da zafin Afrilu ya haura digiri 40, in na taka ta a hanyar Bodinga sai injin ya dinga ƙas-ƙas kamar tsakuwa a gwangwani. Wani da ya taɓa ta a baya ne ya matso da lokacin tartsatsin fulogi gaba da yawa, fetur na kamawa da kansa.

Bakaniken da na kai wa ita bai taɓa kwamfutar da ke sarrafa injin ba sai da ya duba fulogi, nozul da famfon mai. Nan ya burge ni. Sannan ya ce, "Alhaji, ja mu je," ya zauna gefena da laftof a cinya. Ya ja tartsatsin baya kaɗan, ya ƙara mai daidai inda turbo ke busawa, daga awon iska 14.7 kan mai 1 zuwa wajen 12, don injin ya huce.

Wuni guda muka ɓata, kuɗin kuma ba sauƙi. Shan mai ya ɗan ƙaru in na matsa mata. Amma jiya na je Tambuwal da azahar, ban ji ƙarar nan ba ko sau ɗaya.