Mata a yi hattara da masu na'urar dafa hannu da "maganin PCOS" a Katsina

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Akwai wasu da suka addabi zaurukan WhatsApp na matan Katsina, kuma suna bin gidajen biki da walima daga Ƙofar Ƙaura har Sabuwar Unguwa, wai suna warkar da rikicewar al'ada da PCOS (matsalar sinadaran jiki da ake kira homon, mai rikita al'ada da jinkirta samun ciki) cikin sati 2. Don Allah kada wadda ta ba su ko sisi.

Ga yadda suke yi. Za su zo da wata 'yar na'ura a akwati, a haɗa ta da kwamfuta, a ce ki riƙe wani ƙarfe ko ki ɗora tafin hannu. Kafin minti 2 takarda ta fito da jan rubutu. Sai mai maganin ta girgiza kai ta ce, "Hajiya, ai mahaifarki ta cika da sanyi, ƙwanki duk ya daskare, Allah ne ya kawo ki da wuri." Duk wadda ta dafa, abin da za ta ji ke nan, budurwa ce ko mai 'ya'ya 7. Ƙarfen da aka riƙe a hannu ba ya ganin ma'ajiyar ƙwai, ba ya auna komai a jini. Tsoratarwa ce kawai, don a buɗe jaka.

Daga nan sai kunshin magani: gorar tsimi marar suna, garin sha da nono, da wasu fararen ƙwayoyi a ƙulle a leda, a ce a sha kwana 5 a tsaya. Ƙanwar maƙwabciyata, amarya ce da al'adarta ke yin wata 3 ba ta zo ba, ta sayar da 'yan kunnenta ta tura musu naira dubu 60. Bayan ta gama ƙwayoyin da 'yan kwanaki, sai ga jini. Murna har da kuka. Suka sa ta yi sautin murya na godiya, suka watsa shi a matsayin shaida.

To a nan damfarar take. Akwai ƙwayoyin homon irin su Primolut N da likita kan rubuta, waɗanda idan mace ta sha kwanaki ta daina, jini kan zubo bayan kwana 2 zuwa 3. Wannan jinin ba ya nufin ta yi ƙwai, balle a ce ta warke. Wata na zagayowa shiru, ta koma musu, suka ce ai sanyin ya yi nisa, sai ta sayi zagaye na biyu. Da mijin ya kira yana neman bayani, sai suka juya zance wai akwai sammu a ciki. Washegari an toshe lambarsa.

Masu wannan sana'a sun san inda ke mana ciwo. Sun san gorin haihuwa daga dangin miji, sun san fargabar kishiya, sun san yadda mace ke rasa gane haila ce ko istihala har ta rikice a kan sallarta da azuminta, sannan ga kunyar tsayawa gaban likita namiji. Da waɗannan suke cin kasuwa.

PCOS ba sanyi ba ne, ba kuma ƙwayar cuta ba ce da za a wanke. Rikicewar sinadaran homon ne, yawanci tare da jiki ya ƙi jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, yadda ya kamata. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin 100 na mata masu shekarun haihuwa, kuma har yanzu ba shi da maganin da ke kawar da shi gaba ɗaya. Ana dai shawo kansa sosai. Ƙa'idar da likitoci ke bi tun taron Rotterdam na 2003 ita ce a samu 2 cikin alamomi 3: al'ada mai tsallake, alamun yawan homon na maza kamar gashi a haɓa da ƙuraje, da ƙananan ƙulle-ƙulle masu yawa a ma'ajiyar ƙwai idan an yi sikanin. Shi ma sai an tabbatar ba wata matsalar ba ce. Mai neman daidaita al'ada akwai nata magani, mai neman ciki akwai letrozole ko clomiphene, wasu a haɗa musu da metformin, ga rage ƙiba ga mai ita. Mata da yawa masu PCOS sun haihu.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne lokacin da ake ɓatawa. Jini mai rikici yana iya zama ƙari a mahaifa, ko matsalar maƙoƙo, ko ɓari, ko ciki a wajen mahaifa wanda ke kisa idan ya fashe, ko sankarar bakin mahaifa. Ita ma mai PCOS, idan tana wuce kwana 90 ba al'ada a kai a kai, bangon mahaifa na iya yin kauri, ga haɗarin ciwon suga. Duk wannan a bar shi ana shan tsimi?

Kada lambar NAFDAC da suke ɗagawa ma ta ruɗe ki. Wata ta bogi ce, kuma ko ta gaskiya ce, a maganin gargajiya ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkarwa. Wadda suka riga suka cuta ta adana shaidar tura kuɗi da sauran maganin ta kai ofishin NAFDAC na jiha.

Ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ki tafi da takardar sashen mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko asibitin Turai Yar'adua, ko asibitin gwamnati na Daura in can kike, kuma ki nuna wa likita duk abin da kika sha. Idan kuwa jini na jiƙa audugar mata duk awa, ko da jiri, ko ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya bayan ɓatan wata, kada a jira gari ya waye.